Yadda Ntate Kolisang Ya Sauko da Dutse Ƙofar Gidansa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon ƙauyen Ha Tumo da yamma, inda maza ke kewaye murhu cikin barguna suna ɗumama gwiwa, ya san muryar Ntate Kolisang, wato Baba Kolisang a yaren ƙasar. Gadin ƙofa ya yi a wani kamfanin haƙar zinariya a Johannesbag har ya yi ritaya, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya nuna wa Turawa inda zinariyar take. In ana maganar gini, shi magini ne. In ana maganar doki, a hannunsa dawaki suka koyi gudu.

Wata rana a farkon sanyi ya dawo daga garin Semonkong, ya faɗo shagon ko gaisuwa bai gama ba.

"Ku mutanen nan kuna zaune a kan arziki kuna kukan babu! Da idona na ga Baturiya ta durƙusa cikin taɓo tana ɗaukar hoton ciyawar da jakina ke yi wa fitsari."

Maƙwabcinsa Ntate Mokete, wanda bai taɓa barin maganar Kolisang ta faɗi ƙasa ba, ya ce, "To ai da ka miƙa mata jakin shi ma ta ɗauka."

"Yi dariyarka. Ni dutsen can zan sauko da shi ƙofar gidana. Lambu zan yi, tsiron ƙasarmu zalla, wanda ba ya tsoron sanyi, ba ya roƙon taki. Baƙi za su daina wahalar hawa, su zo gidana su gani a zaune. A tsakiyar lambun kuma, kharetsa."

Kowa ya juyo ya dube shi. Kharetsa ba abin wasa ba ce. Tsiro ce mai kaurin ganye da tsini, ganyen a murɗe kamar saƙar faifai, kuma ba ta fitowa sai a gefen tsaunin da akuya ma sai ta yi shawara kafin ta taka.

Mokete ya ce, "Ntate, ƙofar gidanka ai kabejin Mme Mapuleng ne a wurin."

"Kabeji! Wa ya taɓa hawa jirgi don ya ga kabeji?"

"Ta sani?"

"Za ta sani in ta dawo ta ga motoci sun yi layi."

Mme Mapuleng, wato Mama Mapuleng matarsa, tana birnin Maseru wajen 'yarsu da ta haihu. Kafin ta tafi abu ɗaya ta roƙe shi, ya kare mata kabejin daga kaji, don da shi za su ci tuwon masara har sanyi ya wuce. Washegari Kolisang ya kare shi daga kaji har abada. Ya tumɓuke shi kaf, ya loda a baro, ya juye wa aladun unguwa.

Daga nan ya ja jaki ya hau dutse. Duk abin da ya ga yana da ganye sai ya kafa masa diga: dunƙulen ciyawa, ƙananan itatuwa masu ƙamshi, furanni masu kamar takarda. Da buhuna suka cika, ya hango wani tsiro kore shar a gindin dutse, ya ce wannan ko Baturiyar ba ta gan shi ba. Babu sauran wuri, sai ya tumɓuke shi da safar hannu ya cusa cikin bargonsa, a jikin ƙirji.

Tun daga nesa mutanen gari suka hango jaki yana tafiya a natse, mai jakin kuwa yana tsalle yana marin kansa. Nkhono Maseabata, wato Kaka Maseabata, tsohuwar da gonarta ke bayan gidansa, ta dogara sandarta ta tsaya kallo.

"Ɗana, wace rawa ce wannan? Ta Johannesbag?"

"Motsa jini nake, Nkhono. Likitoci sun ce yana da amfani."

Ya buɗe bargon, tsiron ya faɗo, ƙirjinsa ya yi ruɗu-ruɗu kamar wanda zuma ta harba. Tsohuwar ta leƙa.

"Ciyawar ƙaiƙayi ka hau dutse ka ɗauko? Ga ta nan bayan murhuna, da ka tambaya da na ba ka kyauta, har da godiya."

"Irin taki daban, Nkhono. Wannan ta sama ce. Ƙaiƙayinta ma ya fi."

"Na ga alama."

Bayan ya dasa su sai ya ce lambun dutse ba ya yiwuwa ba dutse. A saman gidansa akwai wani ƙaton dutse mai kamar tukunya. Mutane suka ce ya nemi shanu su ja masa. Ya ce a ramin zinariya da ɗan ƙarfe ɗaya yake juya abin da ya ninka wannan. Ya kafa ƙarfe a gindinsa, ya ɗora ƙirji, ya danna. Dutsen ya motsa, ya yi kamar yana tunani, sannan ya kama hanya. Ya wuce inda aka tanadar masa bai ko waiwaya ba, ya tsallake kwata, ya nufi gidan Mokete, ya ɗauke masai na kwano gaba ɗaya ya bar ramin a buɗe.

Allah ya sa Mokete bai riga ya shiga ba. Yana tsaye da 'yar takardarsa a hannu, ya dubi inda masai yake ɗazu, ya dubi sama inda Kolisang ke riƙe da ƙarfe.

"Kolisang! Kashe ni ka tashi yi?"

"Haba Ntate, ai na auna. Na san ba ka ciki."

"Ka auna? To ina zan zaga yanzu?"

"Dama ginin ya karkace. Na daɗe ina son in faɗa maka."

"Zan zo lambunka in yi, tunda ka ce ba ya roƙon taki, sai in ba shi ba tare da ya roƙa ba!"

Sai da mata suka shiga tsakani. Kolisang ya yi alkawarin zai gina masa sabo irin na birni, mai ƙofa biyu.

Bayan kwanaki kaɗan tsirran suka fara langaɓewa. Kolisang ya zagaya su, hannu a baya, ya ce ya gano matsalar: kewar ƙarar ruwa suke yi, don a dutse kullum suna jin magangarar ruwa. Ya aro dogon tiyo, ya ɗaura a famfon unguwa da yamma, ya ja shi har kan tulin duwatsun da ya tara, ya buɗe. Ruwa ya gangaro yana sheƙi. Ya kira duk mai wucewa ya zo ya gani, ya bar shi yana zuba ya shiga ɗaki.

Da safe sanyi ya gama aikinsa. Tiyon ya sandare kamar sanda, bututun famfon ya fashe, ƙofar gidan Kolisang har zuwa hanya ta zama faranti ɗaya na ƙanƙara. Matan unguwa suka taru da bokitai babu ruwa, bakin kowace da abin da yake faɗa. Kolisang ya fito cikin takalman danko zai yi musu bayani. Ƙafar farko ta tafi gabas, ta biyu ta tafi yamma, ya zauna daɓas, ya sulale a kan bargonsa ya ratsa tsakiyar matan, bai tsaya ba sai da ya rungumi gindin famfon.

Wata ta ce, "Sannu da zuwa, Ntate. Ka zo gyara ne?"

"Dubawa na zo yi. Wanda ya haɗa bututun nan bai san aiki ba."

"To tashi ka nuna mana."

"Daga ƙasa ake fara dubawa."

Ranar sai rafi matan suka gangara, suna tafe suna ambaton sunansa da na kakanninsa. Shi kuwa da ya ga ganyen sun yi baƙi, sai ya kwaso bargunan gidan duka, har da na auren Mme Mapuleng da ke ƙasan akwati, ya lulluɓe tsirran ɗaya bayan ɗaya ya danne da duwatsu. Shi ya koma kwana cikin buhun ulu.

Mokete ya leƙo ta kan katanga. "Ba kai ka ce ba sa tsoron sanyi ba?"

"A gidansu ba sa tsoro. Nan baƙi ne, baƙo kuwa ana ba shi bargo."

Wani da ya ga haka zai dakata. Kolisang sai ya sa ranar buɗe lambu. Ya je da kansa ya gayyaci mai gari. Ya aika Semonkong aka gayyato Mme Nthatisi, ma'aikaciyar da ke kula da tsirran dutse, don yana so ta ba shi takardar yabo ya rataye a bango. Ya sa aka dafa giyar dawa. Sai da ya gama duk wannan ya tuna babu kharetsa.

Ya tafi nema shi kaɗai. Can cikin wani kwazazzabo ya hango ta a manne a gefen tsauni, kyakkyawa, ta yi faɗin tire. Ya tuɓe bargo ya fara hawa. Ya kai rabi lafiya. Kuskuren da ya yi shi ne ya dubi ƙasa. Jakinsa ya koma kamar ɓera. Gwiwoyinsa suka kama kaɗawa, ya manne da dutsen, sama ta gagara, ƙasa ta gagara. Ya kira Maryamu, ya kira Yusufu, ya kira mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Wasu makiyaya biyu da ke tattara tumakinsu don saukowa gari suka ji kururuwa, suka zagayo ta sama, suka zuro igiya suka ɗaure shi ta ciki, suka sauke shi yana lilo kamar tunkiyar da ta faɗa rami.

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya gyara hula. "Kun yi gaggawa. Hutawa nake."

Ya juye musu tabar da ke aljihunsa duka, ya ce maganar ta tsaya a kwazazzabon. A gari kuwa ya ce kharetsa tana cikin ɗaki, ba ta son ido sai ranar.

Ana gobe biki ya ga tulin da zai ɗora ta bai yi tsayin da zai hana mutane gani da kyau ba. Duwatsu sun ƙare, sai ya rushe katangar gidansa ta gefen hanya ya ƙara a kai. Da sassafe, kafin hayaƙi ya fara tashi a gidaje, ya tsallaka gonar Nkhono Maseabata ya yanko kabejin da ya fi kowane girma. Ya zauna da almakashin askin tumaki ya yi ta yanka ganyen yana fitar musu da tsini, yana murɗa su yana soke su da ƙaya. Ya ɗora a ƙololuwar tulin, ya kewaye da igiya daga nesa. Sa'arsa ɗaya, dusar ƙanƙara ta ɗan sauka ta yi masa hoda. In ka tsaya a bayan igiya ka kanne ido, to, ba laifi.

Hantsi ya yi, gari ya hallara. Mai gari ya zauna a kujera cikin bargonsa mai zanen masara, Mme Nthatisi a gefensa. Kolisang ya yaye barguna, aka ga tsirran baƙi ƙirin kamar an babbaka.

"Barci suke," in ji shi. "Haka suke yi da sanyi. Amma ku ɗaga ido sama."

Aka ɗaga. Wasu suka ce kai, lallai mutumin ya yi abin da ya faɗa. Mokete ya kanne ido ya buɗe, ya koma gefe yana sosa ƙeya.

Kolisang ya ce, "Kada kowa ya ƙetare igiya, ba ta son numfashin mutum."

Mme Nthatisi ta ce, "Ntate, a ina ka samo ta?"

Nan Kolisang ya ji daɗi ya rufe shi. "A tsaunin da ko gaggafa ba ta sauka, Mme! Da hannu ɗaya na riƙe dutse, da ɗaya na haƙa. Iska tana neman ɗauke ni, na ce da ita ba yau ba. Na saɓo ta a baya na sauko ina waƙa."

"Kai da kanka ka tumɓuke ta?"

"Wa zai iya in ba ni ba?"

"A gaban mai gari da jama'a ka faɗa?"

"A rubuta!"

Ta miƙe tana gyara mayafi. "Za a rubuta kuwa. Ntate, ba ka san doka ta hana cire kharetsa daga dutse ba? Ta kusa ƙarewa a ƙasar nan saboda masu irin wannan aikin. Sai ka shirya, tare za mu koma Semonkong wajen 'yan sanda."

Murmushin Kolisang ya daskare a inda yake. "Wato... da na ce na tumɓuke, ba tumɓukewa sosai nake nufi ba."

"Me kake nufi?"

"Mme, a gaskiya in an bi ta sosai, ba kharetsa ba ce can-can."

"To mece ce?"

"'Yar'uwarta ce."

Mokete ya farfaɗo. "Ta wajen uwa ko ta wajen uba?"

Mme Nthatisi ta ɗaga igiya za ta shiga, amma Nkhono Maseabata ta riga ta. Tun safe take zagaya gonarta tana neman abin da ya ɓata. Ta taka har gindin tulin, ta miƙa sanda ta zunguro abin. Ya gangaro yana zubar da ƙaya, ya tsaya a gaban takalmin mai gari. Tsohuwar ta juya shi ta ga gindin.

"Kabejina! Wanda nake tanadi don ranar baftismar jikata! Kolisang, ɗan Mme Malineo, da girmanka da furfurarka, ka yi wa kabejina aski?"

Dariya ta tashi har tsuntsaye suka watse daga kan rufi. Mai gari ya sa bargo ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu ya natsu ya ce, "To Ntate, zaɓi ɗaya. Ɓarawon dutse ne kai, ko ɓarawon tsohuwa?"

Mme Nthatisi ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wannan kabeji ne, na gani. Amma an ce akwai wadda ya ɓoye a ɗaki. Ina take?"

"Babu, Mme! Na rantse babu!"

"Ɗazu ka rantse akwai."

Ana cikin haka aka ji ƙararrawa. Garken tumaki ne ke saukowa daga dutse don cin sanyi a gari, sun cika hanya. Da suka iso inda katanga take a da, babban ragon ya tsaya, ya shaƙi ƙamshin ciyawar da ya baro a sama, ya karkata. Sauran suka biyo shi kamar ruwa. Kafin a ce wani abu sun mamaye lambun, suna tumɓuke dunƙulen ciyawa, suna tattake barguna, ɗaya ta sa kai cikin tukunyar giya. Kolisang ya shiga tsakiyarsu yana ihu yana kaɗa hula, ragon ya ja da baya ya auna shi, ya zaunar da shi a kan ciyawar ƙaiƙayi, ita kaɗai ce ta kama a duk lambun.

Makiyayan biyu suka kutso suna kora. Ɗaya ya gan shi ya washe baki. "A'a, Ntate! Gwiwar ta daina rawa?"

Mai gari ya ce, "Kun san shi?"

"Mu muka sauko da shi da igiya, Morena, ranka ya daɗe. Ko kusa da kharetsar bai kai ba. Muna can sama muna jin yana kiran mamarsa."

Mme Nthatisi ta dubi Kolisang. "Haka ne, Ntate? In haka ne babu ruwan 'yan sanda da kai."

Kolisang ya dubi jama'a, ya dubi hanyar Semonkong. Da wata 'yar murya da ba a san yana da ita ba ya ce, "Haka ne."

"Ba mu ji ba," in ji Mokete.

"Na ce haka ne!"

A daidai lokacin ƙaramar bas ta tsaya a bakin hanya, Mme Mapuleng ta sauko da jakarta a ka. Ta dubi inda katanga take, ta dubi inda kabejinta yake, ta dubi tunkiyar da ke tsaye a kan bargon aurenta tana tauna gefensa. Ta sauke jakar a hankali. Ta gaida mai gari da ladabi, ta gaida baƙuwa, ta gaida Nkhono. Sannan ta juya.

"Ntate, tashi daga ƙasa, kana ba ni kunya. Ba zan yi magana a gaban mutane ba."

Kolisang ya kama ƙafar kujerar mai gari. "Morena, ko dai a tafi da ni Semonkong ɗin?"

Ba a tafi da shi ba. Abin da aka faɗa a cikin ɗaki ranar, maƙwabta har gida na huɗu sun ji, kuma babu muryar Kolisang a ciki.

Da aka zauna shari'a a ƙofar mai gari, aka ɗora masa gyaran duk abin da ya ɓata. Sannan mai gari ya ce akwai wani tsiro mara amfani da ya cinye makiyayar gari, tumaki ba sa ci, ciyawa ba ta fita a ƙarƙashinsa, an yi shekaru ana sara yana dawowa. "Na duba ƙasar nan kaf," in ji shi, "ban ga wanda tsiro ke mutuwa a hannunsa da sauri kamarka ba. Ka ɗauki digarka ka hau, kullum, har bazara."

Haka Kolisang ya ci sanyin shekarar a gefen tudu, cikinsa da tuwo gaya, yana sara yana hura hannu. Wata rana wani matafiyi a kan doki ya tsaya ya gaishe shi, ya tambaye shi ko laifi ya yi aka sa shi wannan aiki shi kaɗai cikin iska.

Kolisang ya dogara da diga, ya gyara hula, ya dubi mutumin sama da ƙasa.

"Laifi? Kai baƙo ne, shi ya sa. Mai gari da bakinsa, a gaban jama'a, ya ce ya duba ƙasar nan kaf bai ga kamata ba. Sauko ka zauna in ba ka labari."